Hukuncin Ƙi-Faɗi a Kan Ɗakin Baya

Duk layin nan babu wanda bai san Ƙi-Faɗi kafinta ba. In ma akwai, to baƙo ne, kuma kafin ya gama gaisawa zai sani. Mutumin da ya faɗo daga saman bene da guduma a hannu, ya miƙe ya kaɗe riga ya tambayi wanda ya kwashe masa ƙusoshi. Mutumin da ruwa ya tafi da gada haɗe da motar da yake ciki, aka same shi a kan reshen bishiya yana yi wa masu ceto faɗa don sun makara. Injin yankan katako ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama, ya naɗe wurin da tsumma ya ƙarasa wa mutane ƙofarsu tukuna. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa bai iya rubutawa, amma ya raka masu karatu da yawa makwancinsu, cikinsu har da waɗanda suka yi masa dariya. Sa'o'insa duk sun tafi. Shi kuwa yana nan daram, da haƙoransa na gaba.

Gidan nasa ne, shi ya kafa kowane ƙyaure da ke ciki. Shagonsa na bakin titi, a bayan shagon kuma akwai ɗan ɗaki mai taga ɗaya. A kan wannan ɗakin rigima ta tashi.

Babban ɗansa, wanda ake kira Dogo, ya bar tuƙin mota saboda ciwon baya, ya sayi manyan firiza biyu zai shiga sayar da ƙanƙara. Wayar wuta mai kauri, wadda za ta iya ɗaukar su, a shagon take, ta wuce zuwa ɗakin baya. A ɗakin kuma 'yar Dogo ce ke wuni gaban kwamfuta tana gina wa mutane shafukan intanet. 'Yar-Shiru ake ce mata, don tun tana ƙarama sai an tatsi magana daga bakinta.

"Baba, ni ban ce ta jefar da abin ba," in ji Dogo da safe, suna shan shayi. "Danne-danne ne, ko a kan gado ana yi. Ta fito ta tsaya mini a kan ƙanƙara, in ta samu sarari ta danna."

"A tsakar gida yara za su bar ni?" in ji 'Yar-Shiru, idonta a kofi. "In na fita ɗakin nan aikin ya mutu, Baba."

"Aikin da ba a gani," in ji Dogo.

Ƙi-Faɗi ya ajiye kofinsa da ƙarfi. "Ku saurara. Na yi dako, na yi kwasar yashi, na yi gini, na yi rufi, na tura amalanke. Idona bai taɓa ganin sana'a ya kasa gane ta ba. Yau zan zauna in gani. In sana'a ce, ɗaki nata ne. In wasa ne, motar firiza ta zo da yamma ta sauke."

"Kai da ko lambar wayarka ba ka riƙe ba," in ji tsohuwa, matarsa, daga bakin murhu.

"Riƙe lamba sana'a ce? Ke dai zuba mini shayi."

Ya ja kujerarsa ya shiga. Ɗakin babu ƙura, babu ƙanshin katako, babu ko ɗan tarkacen da zai nuna an taɓa yin wani abu a ciki. Wannan ya fara ɓata masa rai. Tebur ne kawai, da babban allon kwamfuta, da fanka tana juyi a hankali. An raba allon biyu. Gefe ɗaya baƙi ƙirin, da ƙananan rubutu masu launi sun jeru kamar tururuwa. Ɗaya gefen fari, da hotunan takalma sahu-sahu, kowane takalmi a cikin ɗan akwatinsa.

"To amarya, ina katakon?"

"Babu katako, Kaka. Wata mai sayar da takalma nake gina wa shago. Masu saye za su shiga ta waya su zaɓa. Wannan farin shi ne shagon. Wannan baƙin kuma umarni ne, shi ke faɗa wa kowane abu inda zai zauna. Sunansa si-es-es."

"Suna kamar ana korar kaji."

Ta yi murmushi, ta danna wani abu. Nan take siraran layuka ja suka fito a kan farin gefen, suka zagaye komai. Babban akwati ya rungume shagon duka. A cikinsa an tsaga gida uku, kowane gida da nasa akwatunan, kowane akwati da hoto a sama, suna a ƙasa, sai ɗan maɓalli. Ƙi-Faɗi ya matso da kujera bai sani ba. Wannan ya san shi. Haka rufin ɗaki yake kafin a rufe shi da silin, sanda a kan sanda, kowace da tazararta.

"Wa ya auna tsakaninsu?"

"Ni. Sau ɗaya na faɗi tazarar, duk suka bi."

"Hm," in ji shi, ya gyara zama kamar bai ji komai ba.

Sai ta gaya masa aikin yau. Mai takalma ta duba jiya, ta ce akwatunan sun cika kaifi, kamar za su yanki mutum. Tana so a kashe musu kusurwa su yi laushi a ido.

Nan fa Ƙi-Faɗi ya samu abin yi. Ya miƙe zaune, ya naɗe hannun riga. "Yanzu kika zo gidana. Kashe kusurwa ba aikin yara ba ne. Ki ɗora murfin gwangwani ki zana, ki bi da zarto, ki bi da magagari, ki bi da samfefa mai kaushi, ki koma mai laushi, sannan ki rufe ido ki shafa da yatsa. Kusurwa huɗu sai su cinye wa gwani rabin wuni, in ana so su zo daidai. Na taɓa yi wa wani asibiti tebura, har likita ya fito ya ce bai taɓa ganin irin hannuna ba." Ya nuna allon da guntun yatsansa. "Waɗannan kuwa, ko a ido sun fi arba'in, kowane da kusurwa huɗu. Sai ki kai wata. Ki aika wa matar ta yi haƙuri."

"Duba nan, tsoho."

Ta rubuta ɗan gajeren layi a baƙin gefen, ta sa lamba a ƙarshensa, ta danna.

Duk kusurwoyin suka lanƙwashe. Duka, a lokaci guda, daga na sama har na can ƙasa da sai an ja shafin ake ganinsu. Babu ƙara. Babu gari ko ƙwaya ɗaya a kan tebur. Kuma babu wadda ta fi wata ko da kaurin gashi.

Ƙi-Faɗi ya matso kusa da allon. Ya kai hannu ya shafa gilashin, a kan kusurwar wani akwati mai jan takalmi. Sanyi kawai ya ji.

"Sake," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ƙara lambar, kusurwoyin suka ƙara zurfi. Ta rage, suka dawo. Ta ƙara, ta rage, akwatunan suna yi kamar masu numfashi. Ta sa wata lamba babba a kan hoton mai shagon, hoton ya zama da'ira cif kamar bakin kofi. Shi da ya yi shekara da shekaru yana neman da'ira irin wannan da zare da ƙusa, bai taɓa samunta ba tare da ɗan ƙaramin tudu da shi kaɗai ya san inda yake ba.

"Ikon Allah," in ji shi. Can kuma ya tuna ko shi wane ne. "Ai da sauƙi. Matsa in yi."

Daidai nan wayarta ta yi ƙara. Mai takalma ce. 'Yar-Shiru ta nuna masa maɓalli ɗaya tak, ta ce wannan kawai zai taɓa, ta fita bakin ƙofa inda magana ta fi fita.

Ya taɓa. Hannun da ya riƙe guduma a saman bene yanzu yana ɗan rawa, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Yatsan ya zame ya danne na kusa, wasu haruffa suka zubo a kan layin. Ƙi-Faɗi ya ga datti a kan aiki, ya yi abin da hannunsa ya saba yi wa teburin aiki tun yana saurayi. Ya shimfiɗa tafi ya share maɓallan daga wannan gefe zuwa wancan. Bai fita ba, ya sake sharewa da ƙarfi.

Da ya ɗaga kai, shagon mai takalma ya rushe.

Gidaje ukun sun ɓace. Takalma sun hau kan juna, wani ya kumbura ya cika rabin allo, sunaye sun zube ƙasa a jere kamar an kwance tsintsiya. Hoton matar ya koma can gefe, rabinsa a waje.

Ruwan da ya ci gada bai tsorata shi haka ba. Ya san doka ɗaya a duniya, wadda ya koya wa duk wanda ya taɓa riƙe masa zarto: abin da aka yanke ya yanku. Yarinyar nan tun watan jiya take kan wannan aikin, yana jin fankarta ta bango. Ya zo yanke hukunci, ga shi ya yanke aikin.

Ta dawo ta tsaya a bayansa.

"Abin naki ba shi da ƙwari," ya ce, bai juyo ba. Sai muryar ta sauka. "Ni ne. Hannuna ne. Ki gaya wa matar ni ne, ta zo ta same ni."

'Yar-Shiru ta leƙa allon, ta leƙa fuskarsa. Dariya ta taso mata, ta ga yadda ya yi, ta haɗiye ta. Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ta riƙe maɓalli ɗaya, tana buga wani a hankali.

Ɓarnar ta fara tafiya da baya. Haruffan da ya zuba suka riƙa ɓacewa, waɗanda ya goge suna dawowa mazauninsu. Takalmin da ya kumbura ya saɓe. Sahu ya koma sahu. Gidaje uku suka miƙe tsaye, hoton matar ya dawo tsakiya da murmushinta, kamar ba a taɓa yin komai ba.

"Duk abin da aka yanke yana dawowa?"

"A cikin nan, e."

Ƙi-Faɗi ya dubi hannunsa na dama, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sa shi a aljihu.

Amma tsohon ba a banza ya kai wannan shekarun ba. Mamaki daban, hukunci daban. Da Dogo ya leƙo da tsakar rana ya ce, "Baba, yaya?" sai ya amsa da abin da ke cin ransa.

"Abin al'ajabi ne, ban taɓa ganin irinsa ba. Sai dai ni a sanina, sana'a tana da haƙori. In ka yi sake ta cije ka. Wannan kuwa ka ɓata, ka danna, ya dawo. Ban ga inda yake cizo ba."

"Abin da nake faɗa ke nan," in ji Dogo, ya tafi yana kiran mai mota a waya.

'Yar-Shiru ta juya ga teburinta. Ta ja aljihun tebur da ƙarfin da ya fi na kullum. Wayoyi ne a ciki, tsofaffi da sababbi, wata babba kamar faranti, wata gilashinta ya tsage, wata an ɗaure ta da roba. Ta jera su a kan tebur ta kunna, ta buɗe shagon mai takalma a kowace.

"Kaka, shago ɗaya ne. Duba."

A babban allo gida uku ne. A mai kama da faranti, shagon ya tattara kansa ya zama gida biyu. A ƙananan wayoyin ya zama gida ɗaya, akwatunan sun hau layi, wani a ƙarƙashin wani, babu wanda ya ɓata. Ta kama gefen shafin a babban allo ta matse shi a hankali, yana kallo akwatin ƙarshe ya sauko da kansa ya samu wuri a ƙasa. Ta sake, ya koma.

Ƙi-Faɗi ya ƙura wa allon ido. Ya tuna wani kabad da ya taɓa yi, mafi kyawun abin da hannunsa ya fitar, mai ƙofa uku da madubi. Aka kai gidan mai shi, ƙofar ɗaki ta ƙi shi. Aka juya, aka kwantar, aka cire ƙyaure, ya ƙi. A gaban mutane ya sa zarto ya raba shi biyu. Ga shi yau yana kallon kabad da ke duba ƙofa, ya rage kansa ya shige, in ya samu fili ya miƙe.

"Shi ya san girman wayar da kansa?"

"Ni nake gaya masa. In wuri ya kai kaza, yi uku. In bai kai ba, yi biyu. Dole in tuna da kowace ƙofa tun kafin in san ta."

Tana cikin magana ta tsaya. Ta ɗauki wayar nan mai tsagaggen gilashi ta kawo kusa da ido. A cikinta, akwatin ya lanƙwasa kusurwarsa yadda aka ce, amma hoton da ke ciki bai bi ba. Tsininsa ya leƙo waje ta saman lanƙwasar, ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Maɓallin saye kuma ya zame, gefensa ya fita daga allo.

"Wa zai ga wannan?" in ji Ƙi-Faɗi. Gwada ta yake yi.

"Mai irin wannan wayar. Shi ma takalmi yake so."

Daga nan ta manta da shi. Ta gyara hoton, tsinin ya shige, sai inuwar da ke ƙarƙashin akwatin ta yanke. Ta dawo da inuwar, maɓallin ya ƙara zamewa. Ta daidaita maɓallin a tsohuwar waya, ya je ya karkace a mai kama da faranti. Maɓallin nan mai dawo da baya yana nan kusa da yatsanta, bai tsinana mata komai ba, don babu wani daidai a baya da za a koma wa. Tsohuwa ta aiko da abinci, ya huce a gefen tebur. Ta cije leɓe, ta yi tsaki, ta goge, ta sake. Zufa ta tsatso mata a hanci duk da fanka.

Ƙi-Faɗi ya daina kallon allon, ya koma kallon ta. Ya san wannan yaƙin. Tebur ne mai ƙafa huɗu a kan daɓen da bai daidaita ba: ka rage wannan ƙafa, waccan ta ɗaga. Ya san wannan tsakin, ya san yadda wuya ke sanƙarewa, ya san yadda mutum ke jin haushin abin da babu wanda zai lura da shi sai shi. Sau biyu labarin wata ƙofa da ya taɓa fama da ita ya zo masa har baki, ya mayar da shi. Tsohuwa da ta zo ɗaukar kwano ta gan shi zaune tsit, ta tambaya ko lafiya. Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Rana ta karkata sosai kafin 'Yar-Shiru ta jingina da kujera. Ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A kowace, hoto ya kwanta luf a cikin akwatinsa, kusurwa ta bi kusurwa, maɓalli na zaune a inda ya kamata. Ta miƙa masa mai tsagaggen gilashin. Ya karɓa da hannu biyu.

A waje mota ta yi ham.

Dogo na tsaye da 'yan dako, an riga an kwance igiya. Ƙi-Faɗi ya fito ta cikin shago, ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara hula.

"Ba za a shiga ɗakin baya ba."

"Baba, ɗazu fa ka ce..."

"Ɗazu ban gama gani ba. Sana'a ce. Tana cizo, a ciki take cizo, inda ba jini. Kai ba za ka gane ba, tuƙi ka yi." Ya juya ga 'yan dakon. "Kun ga yarinyar da ke ciki? Ta kashe kusurwa sama da ɗari kafin in ƙifta ido. Jinina ce. Ubanta ne dai abin ya tsallake."

'Yan dako suka yi dariya. Dogo bai yi ba. "To ina zan kai su? Na riga na saya. Wayar da za ta ɗauke su daga shagonka sai ɗakin nan."

"Ka faɗa da bakinka."

Dogo ya dubi shagon. Teburin aiki ya cinye tsakiyarsa, ƙaton katako baƙi da duka ya lotsa. Zartuna na rataye a bango. Rabon da a kawo aikin kirki nan an daɗe, kowa a gidan ya sani, babu dai mai faɗa.

"Baba, shagonka ne fa."

"Na san nawa ne, shi ya sa nake bayarwa. A fitar da teburin a sa ƙarƙashin rumfa. Kayan bango kar wanda ya taɓa, ni zan sauke."

Tsohuwa ta fito tana goge hannu da zani, ta tsaya tana kallonsa.

"Kai kuma a ina za ka riƙa wuni?" in ji Dogo a hankali.

"Ciki. Akwai wuri gefen taga. Ta ce gobe za ta sa akwatunan su riƙa ɗagowa in an taɓa su, ina so in ga ta inda za su ɗago."

"Da sharaɗi, Kaka," in ji 'Yar-Shiru daga bayansa. "Kallo kawai."

"Ji mini yarinya. Ni za a kafa wa sharaɗi a gidana."

'Yan dako huɗu suka kama teburin, suka yi nishi, bai motsa ba. Suka sake kamawa, ya ɗaga kaɗan ya koma.

"Ku durƙusa ku kama ta ƙasa, 'ya'yan zamani," in ji Ƙi-Faɗi, yana miƙa hannu ga zarton farko. "Ni kaɗai na shigo da shi, kuma ranar zazzaɓi nake."